Shin shigar kilawun daga yi wa baƙar fata ba'a ta samo asali?

Tambaya: Malam, a makarantar da nake koyarwa mukan ɗauko mai wasan ban dariya irin na Turawa a bikin ƙarshen zango, wanda ake ce wa kilawun: farar fuska, jan hanci, ƙaton baki, gashi buzu-buzu. Wata abokiyar aikina ta ce mu daina, wai Turawa sun ƙirƙiro wannan shigar ne don su wulaƙanta baƙar fata. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, abokiyar aikinki ta riƙo gaskiya, sai dai ta ja ta fiye da inda ta kai. Kilawun ya girmi wasan shafa baƙi na Amurka nesa ba kusa ba, kuma wanda aka fara yi wa dariya ta bakinsa talakan ƙauyen Turai ne. Amma da ya ƙetare teku ya sauka Amurka, a tanti ɗaya ya yi zaman shekara da shekaru da Turawan da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi, har sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin wasannin biyu. Zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka shigar da kike gani yau haɗin gambiza ce. Farar fuskar tarihinta daban, jan hancin daban, bakin da safar hannun daban, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya za a san wanne ne ke ɗauke da tabo.

Wawa mai fenti a fuska ba na Turawa ne su kaɗai ba. A wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar Sin akwai mai ban dariya da ake shafa wa fari a kan hanci da kewayen ido. Al'ummomin Pueblo na kudu maso yammacin Amurka suna da wawayen ibada masu ratsin fari da baƙi a jiki. A Mali akwai Koredugaw, waɗanda UNESCO ta sa al'adarsu cikin masu buƙatar kariyar gaggawa a 2011. Mu ma ga wawan sarki, ga 'yan kama. To, amma kilawun ɗin da kike tambaya a kansa jikan Italiya ne da Faransa da Ingila.

A Italiya ta ƙarni na 16 aka sami ƙungiyoyin 'yan wasa masu yawo gari-gari suna yin abin da ake kira komediya del arte. A cikin taurarin wasan akwai zanni, wato bara ɗan ƙauye da ya gangaro daga duwatsun Bergamo ya shigo Venice yana dako. Kullum yana jin yunwa, kullum yana kwaɓa, harshensa na ƙauye ne. Dariyar da ake yi masa dariyar ɗan birni ce ga baƙauye. A Faransa kuma masu wasan barkwanci suka riƙa bulbula wa fuskarsu garin alkama. Wani da ake kira Gros-Guillaume ya yi suna da wannan a Faris tun farkon ƙarni na 17. Daga wannan gidan Pierrot ya fito, farin bara mai farar riga, wanda Jean-Gaspard Deburau ya ɗaukaka a wani ƙaramin gidan wasa na Faris har ya mutu a 1846. Farin yana da amfani na zahiri: dandamalin wancan zamani da kyandir da fitilar mai ake haska shi, farar fuska ce ke sa na can baya ya ga an ɗaga gira ko an murguɗa baki.

Wanda ya haɗa fuskar da duniya ta sani shi ne Joseph Grimaldi, ɗan Landan, jikan 'yan wasan Italiya, an haife shi a 1778, ya mutu a 1837. Wajen 1802, a gidan wasan Sadler's Wells, ya shafe fuska da wuya da fari, ya zana ja a kumatu, ya faɗaɗa jan baki, ya ɗora hular gashi mai tukkaye. Abin da yake nunawa ƙaton yaro ne marar kunya, maciyi, ɓarawon tsiran alade da agwagi, mai tsokanar 'yan doka. Har yau kilawun a Ingila Joey ake ce masa, daga sunansa. Ki riƙe shekarar nan, don ita ce ke warware rabin tambayarki: lokacin da Grimaldi ya shafa farin nan, ba a ma haifi Thomas Dartmouth Rice ba, mutumin da ya yaɗa wasan shafa baƙi a Amurka. Shi a 1808 aka haife shi. Masu cewa farar fuskar kilawun baƙar fuskar minstirel, wato mai wasan shafa baƙi, ce aka juya, lissafin shekaru bai ba su gaskiya ba.

Akwai wuri ɗaya a tsohon tarihin Turai da ya kamata a tsaya, shi ne Harlequin. Shi ma zanni ne, yana sa riga mai faci-faci da baƙar fuskar aro ta fata. Tristano Martinelli ne ya fito da shi a Faris wajen 1584. Mafi yawan masana suna danganta baƙin nan da wani shaiɗani na tatsuniyoyin Faransa mai suna Hellequin, jagoran rundunar matattu, har ɗan kullutun da ke goshin fuskar aron ana ɗaukarsa ragowar ƙaho. Amma da cinikin bayi ya bunƙasa, Turawan ƙarni na 18 suka fara kallon wannan baƙin da wani ido. A Landan an yi wasa a 1787, an sake yin wani a 1807, shekarar da Ingila ta haramta fataucin bayi, inda baƙin bawa yake rikiɗa ya zama Harlequin. Wato baƙin ya riga fassarar, daga baya aka jingina masa launin fata. Kuma Harlequin ba shi ne kilawun ba. A wasannin Ingila mutum biyu ne daban, ɗaya yana gudu ɗaya yana binsa, kuma Grimaldi mai bin ne.

Jan hancin na mashayi ne. Wannan nau'in kilawun, wanda ake kira Auguste, a Jamus ya bayyana wajen 1870, a sarkas ɗin Renz na Barlin. Sarkas shi ne wasan nan na zagayayyen fage, da sukuwar dawaki da masu tsalle-tsalle da masu tafiya kan igiya, wanda Philip Astley ya fara a Landan a 1768. Labarin da 'yan sana'ar ke bayarwa shi ne wani Ba'amurke mai suna Tom Belling ya faɗo cikin fage a birkice da kayan da suka yi masa yawa, 'yan kallo suka ɓarke da dariya. Auguste ma'aikacin fage ne da ya kasa aikinsa: riga ta yi masa girma, takalmi ya yi masa tsawo, giya ta ja masa hanci. Albert Fratellini a Faris, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya ƙara girman fentin da hancin, sai Lou Jacobs, haifaffen Jamus, ya kai shi ƙarshe a sarkas ɗin Ringling, har Amurka ta buga fuskarsa a jikin kan sarkin aika wasiƙa a 1966.

Yanzu sai Amurka, inda maganar abokiyar aikinki take da ƙafa.

Wajen 1830 Rice, Bature ɗan New York, ya fara fitowa dandamali da baƙar fuska da tsummokara, yana ɗingishi, yana rawa, yana rera waƙar wani da ya sa wa suna Jim Crow. Ana cewa ya kwaikwayo wani tsohon baƙar fata ne mai lalurar ƙafa da ke aikin barga. A 1832 ya cika gidan wasan Bowery na New York, a 1836 ya kai wasan Landan, shekara guda kafin mutuwar Grimaldi. Fentin kuwa toshiyar kwalba ce ta ɓawon itace: a ƙona ta, a niƙa, a kwaɓa, a shafe fuska da wuya, a bar faffaɗan fili kewaye da baki ko a zane shi da fari ko ja don leɓɓa su yi kauri, a ɗora hular gashi mai kama da ulu. A watan Fabrairun 1843 mutum huɗu, Dan Emmett da Billy Whitlock da Dick Pelham da Frank Brower, suka haɗu da sunan Virginia Minstrels suka mayar da abin wasan dare guda cur, da goge da banjo da tambari mai kacau-kacau da ƙasusuwan kaɗawa. Banjon nan, a bar shi a faɗe, kayan kiɗan bayin ne da kansu, ɗan gidan su gurmi da molo, wanda suka ƙera da ƙwarya da fata bisa abin da suka baro a Afirka ta Yamma. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, babu wani nishaɗi da ya kai wasan minstirel karɓuwa a Amurka.

Ya kamata ki san abin da wasan yake koyarwa, don ba kwaikwayo ne kawai ba. Taurarinsa biyu ne. Akwai bawan gona, malalaci, mai dariya kullum, wanda ba ya son komai sai rawa da kankana da ubangidansa. Akwai kuma ɗan gayen birni, 'yantaccen baƙar fata na Arewa, wanda George Washington Dixon ya yi suna da shi a shekarun 1830: ya ci ado kamar mai kuɗi, yana ƙoƙarin manyan kalmomi yana kwaɓa su. Na farkon yana gaya wa ɗan kallo cewa bawa yana jin daɗin bauta. Na biyun yana gaya masa cewa in an 'yanta shi abin dariya zai zama. Ana wannan ne a ƙasar da ƙidayar 1860 ta nuna tana riƙe da bayi kusan miliyan 4, kuma jihohi da dama na Kudu sun haramta a koya musu karatu. Frederick Douglass, wanda shi kansa daga bauta ya tsero, ya rubuta a jaridarsa a 1848 cewa waɗannan 'yan wasa ƙazantar al'ummar Turawa ce, sun saci launin da ba a halicce su da shi ba don su yi kuɗi. Sunan Jim Crow kuma shi ne ya zama sunan dokokin wariya da suka raba makaranta da mota da wurin shan ruwa a Kudu har zuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Na san wani zai ce ai mu ma muna tsokanar juna. Muna yi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Amma sharaɗin wasan taubasantaka shi ne in na faɗa maka ka rama, mu tashi kowa da mutuncinsa, gobe in ka shiga uku ni zan fara zuwa. A wasan minstirel wanda ake tsokana ba shi da bakin ramawa, a idon doka ma dukiyar wani ne. Da baƙaƙen 'yan wasa suka sami shiga dandamali bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, ƙofar da aka buɗe musu ita ce su ma su shafa toshiyar kwalbar a kan baƙar fatarsu. Bert Williams, haifaffen Bahamas, ɗaya daga cikin mafiya gwaninta da Amurka ta taɓa gani a ban dariya, da wannan baƙin fentin ya yi aiki har mutuwarsa a 1922. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na koyar da shi.

To ina kilawun yake a wannan lokacin? Yana nan a wurin. Sarkas ya shiga Amurka a 1793, lokacin da John Bill Ricketts ya buɗe nasa a Philadelphia, daga shekarun 1820 kuma aka fara yawo da shi cikin tanti gari-gari. A wannan fagen ne waƙar shafa baƙi ta yi rarrafe kafin ta miƙe. Dixon a sarkas ya fara. Mutanen nan huɗu na 1843 duk 'yan sarkas ne, kuma ɗakin da suka yi suna a cikinsa, Bowery Amphitheatre, gidan sarkas ne. Dan Rice, kilawun mafi shahara a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, ya yi waƙar shafa baƙi a farkon sana'arsa. P. T. Barnum da kansa ya ba da labarin yadda ya shafa baƙi ya hau dandamali da mawaƙinsa ya gudu ya bar shi a kan hanya. Sarkas da yawa kuma, in an gama babban wasa, sai su sayar da tikiti na biyu don wasan minstirel a cikin tantin. Mutanen da suke shafa fenti a gaban madubi ɗaya, suna aron barkwancin juna, ba za a ce babu abin da ya tsallaka daga wannan fuska zuwa waccan ba.

Inda tsallakawar ta fi fitowa fili shi ne kilawun gantalalle, nau'i na uku bayan mai farar fuska da Auguste, wanda Amurka ce ta haife shi. Za ki gane shi da yagaggiyar kwat, da baƙin gemu na fenti, da fari kewaye da baki, da fuskar tausayi. Masu rubuta tarihin sana'ar suna kai asalinsa ga James McIntyre da Tom Heath, Turawa biyu da suka haɗu a 1874 suna shafa baƙi, suna fitowa a matsayin baƙaƙen da suka rasa matsuguni bayan yaƙin basasa. Akwai bayani na biyu da 'yan sarkas suka fi so: wai masu bin jiragen ƙasa suna neman aiki, hayaƙin kwal yakan baƙanta musu fuska, in sun goge ido da baki sai wurin ya yi fari. Bayanan biyu ba sa korar juna. Gantalallun jirgi sun wanzu, Turawa da baƙaƙe, kuma 'yan wasa irin su Nat Wills sun yi gantalallen Bature ba tare da shafa baƙi ba. Amma farin baki a tsakiyar duhu tsari ne da ɗan kallon Amurka ya yi shekara 40 yana gani kafin nan, kuma ni ban yarda cewa hayaƙin jirgi kaɗai ya zana shi ba. Emmett Kelly, wanda ya shahara da gantalalle mai suna Weary Willie tun shekarun karayar tattalin arziki na 1930, talakan Bature yake nunawa, babu kwaikwayon harshen kowa, ba ya ma magana. Ma'anar ta sauya a hannunsa, amma zanen ya gada.

Ƙaton bakin kilawun na yau, shi iyaye biyu gare shi. Jan bakin Grimaldi ya riga minstirel. Girman da ya ƙara yi kuma yana da dalili na sana'a: daga 1881 sarkas ɗin Barnum da Bailey ya koma fage uku a tanti ɗaya mai cin dubban mutane, muryar kilawun ta daina kaiwa, sai ya bar magana ya koma ƙaton fenti da manyan kaya don a hango shi. Duk da haka, salon zagaye baki da faffaɗan fari wanda ya wuce leɓe sosai ya yi kama da na minstirel, kuma a ƙasar da aka yi zaman tare ya bunƙasa. Kama da wane ba wane ba ce, amma a nan akwai kama kuma akwai maƙwabtaka. Farar safar hannu ita ma cikin kayan minstirel take, Bert Williams ma da ita aka san shi. Wanda ya fi gadonta kai tsaye ma ba kilawun ba ne, 'yan katun ne na farko. Mickey Mouse ya sa tasa a 1929. Masu zanen sun ce don a ga hannu a kan baƙin jiki ne, kuma haka ne, amma baƙin jiki da farin kewayen baki da farar safa da rawa ba ƙaƙƙautawa, masanin fim Nicholas Sammond ya nuna dalla-dalla cewa daga dandamalin minstirel aka kwaso su.

Hular gashin tana da nata labarin. Ta Grimaldi tukkaye ce, wani lokaci shuɗiya. Ta Bozo, kilawun ɗin da kamfanin Capitol Records ya ƙirƙira a 1946, sanƙo ce da jan gashi a gefe biyu. Curarriyar nan mai launin bakan gizo da ake sayarwa a kantunan kayan biki, a shekarun 1970 ta yaɗu, daidai lokacin da baƙaƙen Amurka suke tara gashin afro don nuna alfahari da halittarsu. Ba tsohuwar gado ba ce a sana'ar, kuma na fahimci baƙar fatar da ke jin zafinta, tunda gashinsa ne aka mayar kayan dariya, kamar yadda minstirel ya yi da hular ulu tun da.

Amma labarin da ya fi nuna yadda launin fata ya shiga cikin jinin wasan kilawun ba a Amurka ya faru ba, a Faransa ne. Wani yaro mai suna Rafael, an haife shi cikin bauta a Kuba a shekarun 1860, aka kai shi Sifaniya yana ƙarami yana yi wa wani attajiri barance a yankin Bilbao. Ya gudu, ya yi aikin ƙarfi, har wani kilawun ɗan Ingila, Tony Grice, ya ɗauke shi yaron kaya. A 1886, shekarar da aka soke bauta a Kuba, ya iso Faris, aka laƙaba masa Chocolat saboda launinsa. Daga tsakiyar shekarun 1890 zuwa wajen 1910 ya yi wasa da George Foottit, wani ɗan Ingila, kuma babu kilawun da ya kai su suna a Faransa. Mai zane Toulouse-Lautrec ya zana shi, 'yan'uwan nan Lumière da suka ƙirƙiro majigi suka ɗauke su a fim. Tsarin wasan nasu ɗaya ne: Foottit da farar fuska da hular tsini, mai iko, mai tsawa, Chocolat kuma ba fenti, fatarsa ce fentin, yana shan mari yana murmushi.

Waɗannan biyun ne ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa tsarin da ya zama doka a sarkas ɗin Turai, wato farin kilawun mai umarni da Auguste mai shan duka. Ki dubi kuma lokacin. A 1899, Faris tana dariyar marin Chocolat, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine yana ƙone garuruwan Hausa, ya yaƙi Sarauniya a Lugu, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ɗan kallon da ke tafa wa Bature yana marin baƙar fata mai murmushi, darasin mulkin mallaka yake biyawa ko ya sani ko bai sani ba. Tsarin maigida da bara ya girmi Foottit, tun zanni yake, amma a wannan fagen an ba shi launi. Rafael kuwa gwani ne na gaske, ɗan rawa ne, mai iya sarrafa jiki, kuma ya riƙa zuwa asibitocin yara na Faris yana sa marasa lafiya dariya tun kafin hakan ya zama sana'a. Ya mutu cikin talauci a Bordeaux a 1917. Masanin tarihi Gérard Noiriel ne ya tono rayuwarsa bayan an kusan mantawa da shi.

Fuskar minstirel ta iso Afirka ma, ta hanyar jiragen ruwa da majigi. A Cape Town, ƙungiyoyin minstirel na Amurka da suka ziyarci garin tun shekarun 1860 sun bar tasiri a bikin ranar 2 ga Janairu, wanda jikokin bayin garin suke yi har yau da fentin fuska da laima da kaya masu ƙyalli. A Gana, wasan da ake kira konsat fati ya faro da wani malamin makaranta, Teacher Yalley, a Sekondi wajen 1918, sai Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio ta 1937 suka kai shi ƙauyuka. Suna shafa baƙi da farin baki, abin da suka gani a fina-finan Al Jolson, mawaƙin Amurka mai shafa baƙi, amma suka cusa masa halin Ananse, gizon tatsuniyarsu. Catherine Cole, wadda ta yi hira da tsofaffin 'yan wasan, ta nuna cewa su a wurinsu alamar mai ban dariya ce kawai. Wannan yana koya mana cewa zane yakan yi tafiya ya bar ma'anarsa a baya. Ba ya nuna cewa ma'anar ba ta taɓa wanzuwa ba. A Ingila BBC ta ci gaba da nuna shirin minstirel na shafa baƙi daga 1958 har 1978, a Holan kuma sai a shekarun 2010 aka fara janye baƙin fentin Zwarte Piet, yaron waliyyin da ke raba wa yara kyauta a bikin Disamba, bayan doguwar jayayya.

Game da bikin makarantarku, ba na ganin dalilin korar mai farar fuska da jan hanci da dogon takalmi. Waɗannan na Grimaldi ne da na Barlin, garin alkama ne da hancin mashayi. Abin da za ki hana shi ne haɗuwar abubuwa uku: fuskar da aka ƙara wa baƙi, da leɓɓan da aka faɗaɗa da ja ko fari a kan baƙin, da hular gashi mai kwaikwayon namu. In sun haɗu, minstirel ne, ko da mai shigar baƙar fata ne bai san tarihin ba, kuma irin wannan hoton yana nan a tsofaffin 'yan tsana da kwalayen kaya da ake shigo da su gwanjo. Curarriyar hular ma in kin ce ya bar ta ya sa hular tsini, wasansa ba zai ragu da komai ba.

Sannan ki zauna ki ga wasan kafin ranar biki. Ki lura da wanda ake mari da wanda ake kwaikwayon harshensa. In dariyar duka a kan Hausar Bagwari ce ko ta Bafulatanin daji, ko a kan mai in'ina, ko gurgu, ko yaron da ya fi kowa duhun fata a aji, ki ce ya cire wannan ɓangaren, domin akwai yaran da za su koma aji ranar Litinin da sunan da aka laƙaba musu a fagen. Ya faɗi a kan takalminsa, ya zuba wa kansa ruwa, ya kasa buɗe laima, ya yi ta neman hular da ke kansa. Da irin wannan Emmett Kelly ya riƙe dubban mutane, yana bin hasken fitila da tsintsiya yana ƙoƙarin share shi.